Red Steel: gem ɗin da ya damƙa wa Yakuza bindigar da su kansu suke tsoron ɗauka

Wani abokina ne ya sayo tsohuwar Wii, na'urar buga gem ta kamfanin Nintendo, a wajen 'yan gwanjo, ta zo da faifai huɗu a cikin leda, ɗaya ko kwali babu sai suna da aka rubuta masa da maka, Red Steel. Muka haɗa ta da tibi bayan isha'i, muka ɗora 'yar na'urar nan mai kama da sanda da rimot yake dogara da ita wajen gane inda aka nuna a saman tibin muka manne ta da salatif saboda sai zamewa take, toh daga nan fa muka kwana uku muna fama, a ɗauke wuta mu tashi a kawo mu dawo. Hannuna na dama har sai da ya yi tsami. Amma abin da ya tsaya min a rai bayan mun gama shi ne wani ɗan lissafi da na yi, wato kafin in fita daga otal ɗin da gem ɗin ya fara a ciki na riga na harbe mutanen da suka ninninka waɗanda bindiga take kashewa a ƙasar Japan gaba ɗayanta a shekara guda. A 2021 'yan sandan Japan sun ƙirga harbi sau 10 ne kacal a duk faɗin ƙasar, 8 daga ciki na 'yan Yakuza ne, wato ƙungiyoyin manyan masu laifi na ƙasar, mutum 1 ya mutu. Ƙasar da take da mutum sama da miliyan 120 fa. Ni kuwa a minti biyar na kwantar da ashirin a bakin lifta.

Ga wanda bai san shi ba, Red Steel irin gem ɗin nan ne da 'yan gem suke ce wa FPS, wanda ba ka ganin jikin ɗan wasanka, idonsa ne idonka, hannu da bakin bindiga kawai kake gani a ƙasan allo, kamar dai Call of Duty da yara suke bugawa a waya yanzu. Kamfanin Ubisoft ne ya yi shi a sutudiyonsa na Paris, ya fito ranar 19 ga Nuwamba 2006, rana ɗaya da ita kanta Wii a Amurka. Kai ne Scott Monroe, Ba'amurke mai aikin bodigad da zai auri wata 'yar Japan Miyu Sato, kun zo otal a Los Angeles don ka gaida surukinka Isao Sato karon farko, ashe tsohon babban oga ne a Yakuza, ana cikin haka 'yan wani ɓangare suka buɗe wuta, aka sace yarinyar, tsohon ya damƙa maka wani takobi mai tarihi da ake kira Katana Giri kafin ya cika, kai kuma ka bi sawu har Tokyo inda wani dattijo Otori zai koya maka sara, ka je ka fuskanci wani matashi mai zafin kai Tokai da yake so ya ture dattawa ya haɗiye komai. Labarin kenan, ba wani zurfi, duk wanda ya saba kallon fim ɗin faɗa zai iya faɗa maka ƙarshensa tun daga farko.

A lokacin an zuzuta shi sosai saboda yana cikin gem na farko-farko da aka fara nuna hotunansu na Wii, kuma alƙawarin da aka yi wa mutane mai daɗin ji ne: rimot ɗin da ke hannunka shi ne bindigar, inda ka nuna nan harsashi zai je, ka karkata hannu bindigar ta karkata irin riƙon 'yan iskan fim, ka tura hannu gaba ta jawo maka abokin gaba kusa, ka girgiza ɗaya hannun ka yi lodi ko ka buɗe ƙofa, in an zo faɗan takobi kuma rimot ɗin ya koma takobi. Da aka zo bugawa sai kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu. Alamar saitin tana yawo a tsakiyar allo amma kan ɗan wasan ba ya juyawa sai ka kai ta can gefe, kaga kenan in an biyo ka ta baya sai ka yi ta jan hannu kamar mai juya tirela a lungu ana ta ɗirka maka harsashi, takobin kuma ba ya bin hannunka yadda ka kai sara, jira yake ka gama motsin sannan ya zaɓo ɗaya daga cikin 'yan sare-saren da aka riga aka ajiye masa. Masu sharhi suka ba shi maki tsaka-tsaki, duk da haka ya sayu sama da kwafi miliyan 1 don a lokacin duk wanda ya sayi Wii yana neman gem ɗin manya ba shi da wani zaɓi sosai.

Wannan matsalar rimot ɗin kowa ya yi maganarta. Wadda ni ta fi damuna ta fi wannan tsufa, kuma ko da rimot ɗin ya yi aiki ɗari bisa ɗari tana nan: FPS da Yakuza abu biyu ne da ba sa shan inuwa ɗaya. Tun daga Wolfenstein 3D na 1992 da Doom na 1993 da wasu samari suka yi a Texas, tsarin irin wannan gem ɗin ɗaya ne, ɗaki cike da maƙiya, ka share su, ƙofa ta buɗe, wani ɗakin cike da wasu. Abincinsa kenan, gawa. In gem zai kai awa 10 dole a samo maka ɗaruruwan mutanen da za ka harba ba tare da ka tsaya tambayar su waye ba, shi yasa aka fi amfani da sojojin Nazi da aljanu da halittun sama jannati. Su kuwa Yakuza duk rayuwarsu an gina ta ne a kan a san ko su waye, kuma kar a yi harbin.

Bari in ɗan fayyace wannan don mutane da yawa in sun ji Yakuza sai su ɗauka wasu 'yan daba ne da suke ɓuya a kango. A Japan zama ɗan Yakuza shi kansa ba laifi ba ne a doka har gobe. Ƙungiyoyi ne masu ofis, da can har da allon suna a ƙofa da tambari a ƙirjin kwat da katin gaisuwa mai lambar waya, 'yan sanda sun san adireshinsu, hukuma tana da jerin sama da 20 da ta yi wa rajistar sa ido, duk shekara kuma tana fitar da adadin mambobinsu kamar ƙidayar ma'aikata. Babbar cikinsu Yamaguchi-gumi an kafa ta a Kobe a 1915 a cikin 'yan dakon tashar jiragen ruwa, ta taɓa buga wa mambobinta jarida a 2013 har da shafin waƙoƙi da labarin kamun kifi, shekara da shekaru tana raba wa yaran unguwa alewa a ƙofar hedikwatarta lokacin bikin Halloween sai da aka yi doka a 2020 aka hana, lokacin girgizar ƙasar Kobe ta 1995 kuma sun rigayi gwamnati fito da abinci da ruwa. Kar wannan ya ruɗe ka ka ce mutanen kirki ne, kuɗinsu daga caca yake da ƙwaya musamman irin wadda ake kira shabu, da karuwanci, da bashin ruwa mai yanka wuya, da kuɗin kariya da suke karɓa a mashaya, da tsoratar da masu gidaje su tashi don a sayar da fili, da shiga taron masu hannun jari a yi wa kamfani barazanar tonon silili. Duk waɗannan sana'o'in abin da suke buƙata shi ne tsoro, kuma tsoron ya fi kawo kuɗi in bindigar tana cikin durowa. Mai mashayar da ka harbe ba zai biya kuɗin wata mai zuwa ba.

Shi kansa sunan daga wajen caca ya fito, akwai wata karta tasu da ake haɗa lambobi a ɗauki lambar ƙarshe, in ka samu 8 da 9 da 3, ya-ku-za kenan a tsohon ƙirgensu, sun tashi 20, makinka sifili, hannun banza. Asalinsu 'yan caca ne da 'yan tireda masu bin bukukuwa, da yawansu daga gidajen da al'umma ta wulaƙanta. Zancen cewa jikokin samurai ne su suka ƙirƙiro wa kansu shi, fina-finai suka tayasu yaɗawa, Red Steel kuma ya haɗiye shi da ƙashi da tsoka.

Sai dokar bindiga, wadda ita ce gishirin maganar. Dokar 1958 ta hana farar hula mallakar ƙaramar bindiga kusan kwata-kwata. A kama ka da ita kawai shekara 1 zuwa 10 ne, in da harsashin da ya dace da ita a tare abin ya fara daga shekara 3, in kuwa ka harba ta a titi ko wani wajen jama'a, ko ba ka samu kowa ba ko bango ka harba, daga shekara 3 ne har ɗaurin rai da rai. Bayan wani ɗan Yamaguchi-gumi ya harbe magajin garin Nagasaki Iccho Ito a Afrilun 2007 yana tsaka da kamfen, aka ƙara tsananta hukuncin in harbin da sunan ƙungiya aka yi shi. Amma abin da ya fi karya musu gwiwa shi ne da kotuna suka fara bin igiyar har sama. Shinobu Tsukasa ya hau kujerar shugabancin Yamaguchi-gumi a 2005, kafin shekarar ta ƙare yana gidan yari, bai fito ba sai Afrilun 2011, kuma ba a hannunsa aka samu bindigar ba, a jikin bodigad ɗinsa aka same ta, kotu ta ce ai da saninka yake ɗauke da ita don kai. Wanda ya riƙe kujerar kafin shi, Yoshinori Watanabe, a 2004 Kotun Ƙoli ta ce sai ya biya diyyar kusan yen miliyan 80 ga iyalan wani ɗan sanda da yaran wani reshe can ƙasa suka harbe bisa kuskure a Kyoto a 1995, an ɗauke shi kamar mai kamfanin da ma'aikacinsa ya yi ɓarna. Ka duba fa, lokacin da Faransawan nan suke zaune a Paris suna zana Yakuza ɗari-ɗari riƙe da mashinga suna ɓarin wuta a titin Tokyo, shugaban Yakuza mafi girma a duniya yana ɗaure saboda bindiga a aljihun wani.

Ba wai ba sa harbi ba ne sam. Suna yi, amma yadda suke yinsa bai yi kama da gem ba ko kaɗan. Yaƙi mafi muni da suka yi a wannan zamanin shi ne wanda ya biyo bayan kashe shugaban Yamaguchi-gumi na huɗu Masahisa Takenaka a Janairun 1985, 'yan ɓangaren da suka ɓalle suka yi masa kwanton ɓauna a bakin lifta a wani gidan bene a yankin Osaka, aka yi ta ramuwa har 1989, jaridu suna buga ƙirgen gawa kamar sakamakon ƙwallo, kuma duk tsawon shekarun nan waɗanda aka kashe ba su kai 40 ba. Mafi yawan abin da ake kira hari shi ne yaro ya zo da asuba a kan babur ya harbi ƙofar ofishin abokan gaba ko gilashin taga sau biyu ya gudu, saƙo ne ake aikawa. Akwai ma sunan da suke kiran irin yaron da ake turawa kisa, teppodama, wato harsashi, don in an harba shi ba ya dawowa, ko a kashe shi ko ya kai kansa ofishin 'yan sanda da bindigar a hannu ya yi shekara 15 ko 20, da alƙawarin za a riƙe masa iyali in ya fito a ba shi muƙami. Da Yamaguchi-gumi ta sake rabewa a 2015, abin da aka fi gani shi ne a sato tifa a yi ribas da ita a daki ƙofar ofishin abokan hamayya, saboda hukuncin fasa gini bai kama ƙafar na harbi ba, lissafi suke kamar 'yan kasuwa. Da aka harbe wani jigo a Amagasaki a Nuwamban 2019 da bindiga mai sarrafa kanta, duk ƙasar sai da ta girgiza don abu ne da ba a saba gani ba. In farar hula suke so su ladabtar kuwa wuƙa ce, kamar yadda suka yi wa daraktan fim Juzo Itami a 1992, suka tare shi a ƙofar gidansa suka yayyanka masa fuska da wuya kwanaki kaɗan bayan ya saki fim ɗin da ya mayar da su abin dariya.

In akwai ƙungiyar da ta ɗan yi kama da na cikin gem to Kudo-kai ce ta Kitakyushu, su kam har gurneti sun jefa cikin wani kulob a 2003, abin ya kai 'yan sandan Fukuoka suna ba da tukwicin yen 100,000 ga wanda ya tona inda gurneti yake. Ƙarshenta shugabansu Satoru Nomura aka yanke masa hukuncin kisa a 2021 ba tare da an nuna ya taɓa kowa da hannunsa ba, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi rai da rai a 2024, hedikwatarsu ma an rushe ta.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, alamu sun nuna su kansu masu Red Steel sun ji wannan ƙaiƙayin, sun san akwai abin da bai zauna daidai ba, sai suka yi ƙoƙarin yi masa faci da abin da suka kira girmamawa. In ka ci mutum a faɗan takobi ya durƙusa, gem ɗin zai ba ka zaɓi ka sare shi ko ka ƙyale shi, in ka ƙyale shi ka samu makin girma. Can gaba za a koya maka tsayar da lokaci na 'yan daƙiƙu ka saita bindigogin da ke hannun maƙiya ka harbo su ƙasa maimakon ka harbi mutanen, sannan ka yi musu nuni da rimot su durƙusa su miƙa wuya, in ka samu ogan cikinsu ya sallama yaransa ma sai su bi. Wallahi wannan tunani ne mai kyau, kuma ya fi komai a gem ɗin kusa da yadda abin yake, don a tsarinsu na oyabun da kobun, uba da ɗa, wanda ake ƙullawa da shan giyar sake a ƙoƙo ɗaya, faɗa ba ya ƙarewa da an kashe kowa, yana ƙarewa ne da an samu wani dattijo na uku ya shiga tsakani an zauna an sha an ba da haƙuri, wani lokacin da kuɗi wani lokacin da guntun ɗan yatsa a cikin ƙyalle. Matsalar ita ce facin bai kai girman yagewar ba. Ka kashe mutum 60 a hanya kafin ka iso, sannan ka yafe wa na 61 a ce maka kai mai mutunci ne.

Faɗan takobin ma abin dariya ne in ka tsaya ka kalle shi. Kana riƙe da bindiga cike da harsashi, sai wani ya fito daga bayan ƙofa da takobi, shikenan gem ɗin ya ƙwace maka bindigar da kansa ya mayar da ita kugu ya zaro maka naka takobin, sauran 'yan bindigar kuma kowa ya tsaya kallo. Abokina har tashi tsaye ya yi yana yi wa tibi ihu wai dan Allah a bar shi ya harbe mutumin nan mu wuce. Kuma takobin nan da ake ta jingina musu, tun 1876 gwamnatin Japan ta zamanin Sarki Meiji ta hana yawo da shi, yau in kana da shi sai da takardar rajista a matsayin kayan tarihi, dokar 1958 ɗin nan da ta hana bindiga ita ce dai ta haɗa da takubba, makamin da aka fi sanin ɗan Yakuza da shi gajeriyar wuƙa ce da suke kira dosu wadda take ɓuya a cikin riga. Dogon takobi na masu kallo ne daga waje, kamar yadda in Bature zai zana Japan dole sai ya sa furen ceri da 'yar geisha da gidan wanka, duk kuwa suna cikin Red Steel kusan a jere kamar kayan tsaraba.

Toh yaya su Japanawan suka yi da suka tashi yin nasu? Shekara guda kafin Red Steel, a Disambar 2005, kamfanin gem na Japan Sega ta fitar da Ryu ga Gotoku a na'urar PlayStation 2 ƙarƙashin Toshihiro Nagoshi, wanda aka sayar a waje da sunan Yakuza. Ba FPS ba ne, kana ganin ɗan wasanka Kazuma Kiryu gaba ɗayansa yana yawo a wata unguwa Kamurocho da aka kwaikwayo daga Kabukicho ta Tokyo, faɗan kuma na dambe ne da ƙafa da duk abin da hannu ya kai, keke, kujera, allon talla. Akwai bindiga jefi-jefi amma harsashi kaɗan ne ya ƙare ka yar. Inda bindiga take da nauyi a cikin labarin ne. Na farkon ya buɗe ne da harbi guda, an kashe oga, Kiryu ya ɗauki laifin amininsa ya yi shekara 10 a ɗaure daga 1995 zuwa 2005. A na huɗu akwai Saejima da ya shiga shagon taliya a 1985 da ƙananan bindigogi 6 ya buɗe wa mutum 18 wuta, wannan a Red Steel ɗaki ɗaya ne kafin ka sha ruwa, a can kuwa shekara 25 ya yi yana jiran igiya kuma duk labarinsa a kan wannan ranar ɗaya yake juyawa. Ichiban na gem ɗin 2020 shekara 18 ya yi a kan kisan da ba shi ya yi ba. Su ma fa suna da nasu shirmen, mutum ɗaya ya daki ɗari ya cire riga a saman bene a yi ta kuka, kuma ana sukarsu da cewa suna wanke 'yan ta'adda su mayar da su jarumai, sukar tana da gaskiya. Amma a kan farashin harsashi ɗaya ba su yi ƙarya ba.

Wani abin lura, duk wanda ya nace sai ya yi harbi mai yawa a wannan duniyar, a ƙarshe sai ya kori Yakuzan ya kawo wasu. Da Sega ta so yin na harbi a 2011, Dead Souls, sai ta cika Kamurocho da gawarwaki masu tafiya, 'yan Yakuzan suka koma su ne masu harbin. Shadow Warrior, tun na 1997 da ya sha suka saboda ya cakuɗa Chaina da Japan ya ba ninja suna Lo Wang, har wanda 'yan Poland suka sake yi a 2013, aljanu ne maƙiyan, a na 2013 ɗin za ka fara da sarar 'yan kwat masu gadin wani attajiri amma kafin a je ko'ina aljanu sun karɓe fagen. Ita kanta Ubisoft da ta dawo da Red Steel 2 a 2010, da ƙarin na'urar MotionPlus da ta sa takobin ya fara bin hannu da gaske, sai ta watsar da Scott da Miyu da Tokyo da Yakuza gaba ɗaya, ta koma wani garin hamada na ƙage da kaboyi mai takobi da zane irin na katun. Ya fi na farko daɗin bugawa nesa ba kusa ba, masu sharhi sun yabe shi, kasuwa ce dai ba ta karɓe shi ba, daga nan ba a sake jin na uku ba.

Yanzu kuwa ko maƙiyan da za a cika ɗakunan da su babu. A 1963 'yan Yakuza sun kai wajen 184,000, a ƙirgen ƙarshen 2024 hukumar 'yan sanda ta ce 18,800 suka rage har da 'yan rakiya, kuma fiye da rabinsu sun haura shekara 50, masu 70 da ɗoriya sun fi 'yan ashirin-da yawa. Dokar 1991 ce ta fara matse su, amma wadda ta shaƙe su ita ce ta jihohi da ta game duka 47 a 2011, wadda ta juya kan farar hula, kai mai shago ko mai kamfani in ka yi hulɗa da su kai ma ka shiga uku. Ɗan Yakuza ba ya iya buɗe asusun banki, ba ya karɓar hayar gida da sunansa, ba ya yin rajistar layin waya, ba inshora, an kama wasu da laifin zamba don sun ɓoye ko su waye sun sayi waya ko sun shiga filin golf, kuma ko ka tuba ka fita sai ka yi kamar shekara 5 kafin a sake ka. A Afrilun 2025 manyan Yamaguchi-gumi da ƙafarsu suka je hedikwatar 'yan sandan Hyogo suka miƙa takardar alƙawarin sun daina faɗan da suka fara a 2015. Samarin da da can za su shiga su yi shekaru suna share ofis da wanke motar oga, yanzu sun koma abin da 'yan sanda suke kira tokuryu, taron da ba suna ba oga ba zanen jiki, a haɗu a intanet ta tallan aikin kuɗi da sauri, a damfari tsohuwa ta waya ko a fasa shagon agogo a watse, wanda ya tura su ma ba su taɓa ganin fuskarsa ba, wataƙila yana zaune a wata ƙasar.

Abin mamakin shi ne Tokai, mugun Red Steel, matashin da ya raina dattawa da al'adunsu yake son kuɗi da mulki yanzu-yanzu, shi ne kaɗai abin da gem ɗin ya hango daidai, sai dai na gaskiyar bai zo da takobi ko mashinga ba, da waya ya zo da Telegram. Mun gama gem ɗin a dare na uku wajen ƙarfe biyu, a faɗan ƙarshe batirin rimot ya mutu, muka ciro na cikin tocila muka sa.